Mayafin da Na Ce Ba Ni Na Saƙa Ba

A Kafin Dafga, in ana zancen kunyar ɗan fari, da ni ake misali. Shekara da shekaru ina jin daɗin haka kamar wadda aka yi wa naɗin sarauta. In wata yarinya ta yi haihuwar fari aka gan ta tana yi wa jaririnta wasa a gaban mutane, sai tsofaffi su ce ta je ta ga yadda nake yi. Ni kuwa in sunkuyar da kai wai ban ji ba, alhali kunnuwana sun kwashe komai sun adana.

'Yar farina mace ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, wannan kuwa ba wani abu ba ne, haka muka tarar ana yi. Sai dai sauran mata a idon jama'a suke kunyarsu, in sun shiga ɗaki su rungume abinsu. Ni na kai tawa har cikin ɗaki na rufe ƙofa da ita. Da aka yaye ta, yayar mijina ta ɗauke ta riƙo, katanga biyu ce tsakanin gidansu da namu. Ita take kira Inna. Ni Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ranar da ta zame a bakin rijiya ta fasa haɓa, ba ta fi shekara shida ba, ina tsaye da tulu a ka. Na ce wa matar da ke kusa da ni, "Ku duba yarinyar can," na wuce. An yi mako ana yabona. Tabon yana nan a haɓarta har yau.

Ta yi aure a Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, ta haihu, ta aurar, ta ga jikoki. Duk tsawon wannan lokaci sunanta a bakina "ta Ruwan Bago". Yayar mijina ta rasu, mijina ya bi bayanta. Duk waɗanda nake jin nauyin idonsu suka ƙare, aka bar ni ina gadin rumbun da babu ko zangarniya a ciki.

Shekara biyu da suka wuce, cikin marka, aka yi mata aiki a ciki a wani asibiti a Kano. Autana ya kai ni dubiya. Na tsaya daga bakin ƙofa, na dubi bangon da ke saman kanta na ce, "Ya mai jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, Yaya. Kun sha hanya."

Bango nake kallo, amma wutsiyar ido ba ta san kunya ba. Na ga mace ta rame, ta ƙudundune cikin wani gyale shara-shara, haƙoranta na haɗuwa don sanyi. Na ga furfura a gaban goshinta. Ban san ta yi furfura ba. A hanyar komowa, ruwa na dukan gilashin mota, na yi ta laluben abu guda da za ta iya nunawa ta ce wannan daga hannun uwata ya fito. Ban samu ba. In da Allah ya ɗauke ta a wannan kwanciyar, da haka za ta tafi.

Bargo zan iya aikawa, amma bargo kowa ma yana aikawa. Na ƙudura sai abin da yatsuna suka yi.

Ina da taubashiya, 'yar kawuna, a cikin garin Karaye take. Sana'arta saƙa da kwarashi, wato 'yar sandar ƙarfen nan mai ƙugiya a baki da ake jan zaren ulu da ita. Hula, safa, riga da mayafin jarirai, har daga Kwanyawa da Rogo ake zuwa mata. Hannunta na da kyau, bakinta kuwa Allah ya kyauta. Tun muna tallar gyaɗa ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a taɓa juna ba.

Na same ta a ƙofar ɗakinta da tabarau a karan hanci. Bayan mun gaisa na ce, "'Yar kawu, saƙa na zo ki koya mini."

Ta sauke tabarau ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke? Da waɗannan yatsun kamar busasshiyar kuɓewa? Me za ki saƙa a shekarunki, likkafani?"

"Naki, in kin matsa. Mayafi nake so."

"Na wa?"

Tambaya ce mai sauƙi. Amsarta na bakina, amma harshena ya ƙi ɗauka. Na ji kaina ina cewa, "Na jariri. Matar auta ce ke da ciki."

Matar auta ba ta da komai sai goyo ɗan wata biyar. Kafin mako ya zagayo, zance ya isa Kafin Dafga wai ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da ɗanyen goyo. Baiwar Allah ta yi ta mamakin yadda mata ke yi mata sannu suna kallon cikinta. Na nemi gafararta daga baya, ta yafe, amma har yau in na ce zan je Karaye sai ta ce, "Inna, wannan karon kuma 'yan biyu ne?"

Taubashiyata ta ba ni kwarashi da dunƙule biyu na zare, ɗaya fari ɗaya ruwan ɗorawa, irin na jarirai. Ranar farko sarƙa kawai ta koya mini. Ta ce ina riƙe kwarashi kamar muciya, in sassauta, ba tuwon gidan biki ba ne. Na yi zuwa uku kafin hannuna ya karɓa. Da za ta sallame ni ta ja kunnena da abu ɗaya: in riƙa ƙirga idanun saƙar a kowane layi, kada su ƙaru, kada su ragu.

Ƙirga na iya shi. Gaisuwa ce ta kashe ni. Gidanmu a bakin hanyar rijiya yake, kuma tsohuwa ba a wuce ta. Ina cikin ƙirga sai a yi sallama. In amsa. Ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya yara, ya mai ƙafa, ya kwanan jariri, an samu taki kuwa. Ba kuma zan amsa wa mutum ina motsa baki da lissafi ba, a ce tsohuwa ta fara zance ita kaɗai. Kafin baƙuwa ta tashi ban san ko a talatin nake ko a hamsin ba. Sai in ce gara ya yi yawa da ya kasa, in ƙara 'yan idanu. Ranar da aka yi rasuwa a makwabta, mata suka yi ta biyowa ta gidanmu, a ranar kaɗai mayafin ya yi faɗin da ya isa rufe jaki.

Zaren jariri kuwa bai kai ko'ina ba, tunda ƙatuwar mace nake auna wa a zuciyata. Ban koma wurin taubashiyata ba don kada ta tambaya. Sai na tsinko ɗan guntu na ba auta na ce ya samo mini irinsa a kasuwar Karaye. Ya dawo da ruwan hoda. Na ce ba shi ba ne. Ya ce, "Inna, ai duk zare ne." Da wannan ya ƙare ya kawo kore shar. Daga nan shuɗi, daga nan ruwan goro, daga nan wani ja da ko a duhun ɗaki sai ya kira mutum. Duk wanda ya kawo in ɗaura a bakin na baya in ci gaba. Yatsuna suka yi kanta, wuyana ya sage, na ƙona miya sau biyu. Amma in na shimfiɗa shi a kan gado na duba, ni kyau yake mini.

Wata rana taubashiyata ta zo suna a garinmu ta biyo ta gan ni. Ban ankara ba ta janyo shi daga ƙarƙashin matashi, ta baza a tsakar gida. Kaji suka watse.

Ta zagaya shi sau ɗaya, hannu a bayanta kamar mai taya gona. "'Yar gwaggo, jaririn nan da gemunsa za a haife shi?"

"Yaran yanzu saurin girma gare su."

"Ga gonar gyaɗa nan, ga ta barkono, ga fadama. Nan kuma ina jin rikicin iyaka aka yi, wani ya ci rabon wani. Saura ki saƙa shanun huɗa." Ta tsuguna ta ja gefen da ya fi faɗi. "Kawo in warware miki daga nan, mu sake."

Na ce, "Ba mai warware mini ko ido ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan jima tana dubana. Sai ta naɗe shi ta miƙo mini, ta kama zancen tsadar barkono.

Ana cikin cirar gyaɗa na gama. Na sa masa geza a baki biyu, na naɗe a sabon zani. Daga Kafin Dafga zuwa Karaye, daga Karaye zuwa Rogo, daga Rogo kan babur zuwa Ruwan Bago, abu ɗaya nake maimaitawa a zuci: ga shi na saƙa miki. Ko yaron da ke koyon magana zai iya faɗin wannan.

Na tarar da ita zaune a tabarma a inuwar ɗakinta, ta ɗan murmure, mata huɗu ko biyar na gidan da na makwabta kewaye da ita ana ɓarar gyaɗa. Aka yi mini shimfiɗa, aka kawo ruwa da fura, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na tura ƙunshin gabanta da bayan hannu, na dubi turmin da ke gefe na ce, "'Yar kawuna ta Karaye ce ta saƙa, ta ce a kawo wa mai jiki."

Ta kwance. Matan suka dubi juna. Ɗaya ta yi tari, wata ta tashi wai za ta duba tukunya, kafaɗunta na rawa.

Ita kuwa ta shafa shi ta ce, "Allah sarki. Ashe tana tunawa da ni. Allah ya saka mata da alheri."

Da zan tafi ta sa aka kamo zabuwa aka ɗaure mata ƙafa, ta ce in kai wa mai saƙa tukwici. Haka na komo, zabuwar wahalata a kan cinyata, za ni in kai wa wata. Kafin mu isa Rogo ta ɓata mini zani, na ce ya yi daidai.

Na kai wa taubashiyata na ce in ji ta Ruwan Bago. Ta ce ta mece ce. Na ce zumunci. Ta yi farfesunta ta cinye, ko ƙashi ba ta aiko mini ba.

Bayan kamar mako uku, ina shanya kuɓewa da hantsi, sai ga ta ta shigo da sallamar da ba ta jira amsa ba. Ko zama ba ta yi ba.

"Wata mata daga Ruwan Bago ta yi mini waya jiya. Ita ce ta ce in saƙa wa jikanta kayan suna. Kin san me ta tambaye ni? Wai ya idona. Wai ta ji ciwon ido ya kama ni, Allah ya ba ni lafiya, kada in wahalar da kaina, ta ba wata."

Na ci gaba da baza kuɓewa.

"Shekara talatin ina saƙa, 'yar gwaggo. Ban taɓa fitar da abin da akuya za ta gani ta tsinke igiya ba. Yau a Ruwan Bago in yaro ya ƙi barci da saƙata ake tsorata shi."

"Ai kin ci zabuwa."

"Zabuwa ladan ɓata suna ce, kuma ba ta kai ba." Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta rage murya. "Tun ranar da na baza shi a tsakar gidan nan na san faɗin kafaɗar da kike aunawa. Na yi shiru na ce bari tsohuwa ta yi abin kirki sau ɗaya kafin a kai ta. Ashe kin iya zama gaban mata biyar ki shirga mini ƙarya, gaskiya ce ta fi ƙarfin bakinki. To ko ki je ki faɗa da naki, ko in je in faɗa da nawa. Kin kuwa san nawa ba ya fita shi kaɗai."

Ranar Asabar muka tafi tare. Ta zauna kusa da ƙofar mota wai kada in gudu.

Muna shiga gidan na hango shi. An shimfiɗa shi a ƙasa a gindin bishiyar darbejiya, jikokinta uku a kai suna shan kunu. Ya sha ƙasa, ya sha kunu, wani abu ya cinye gezar gefe ɗaya, saƙar ta fara warwarewa daga can. Na ji kamar an taka mini yatsa. Ba ni kuma da bakin magana, tunda ba ni na saƙa ba.

Taubashiyata ta zauna cikin matan tsakar gida, ta zaro wata 'yar hular jariri daga jakarta ta fara zagayawa da ita hannu hannu don a ga irin aikinta. Ni ta harare ni ta nuna mini ɗaki da haɓa.

Muka shiga, ni da 'yata. Ban tuna ranar da muka taɓa zama mu biyu a ɗaki ɗaya ba. Ta zauna a bakin gado, na zauna a tabarma, na sami jeren kwanukanta na kafa musu ido.

Na ce, "Mayafin nan, ba ita ta saƙa ba."

"To wa?" Ta yi ɗan tunani. "Matar auta ce? Na ji an ce tana da hannu."

Na girgiza kai.

Ta ambaci ƙanwarta da ke aure a Kwanyawa. Ta ambaci 'yar ƙanena. Har wata makwabciyarmu ta ambata, wadda suka yi makarantar allo tare, ta ce ko ita ce ta ji labarin ciwon. Ina zaune a gabanta, taku biyu tsakaninmu, ina jira ta iso kaina. Ta zagaye dangi kaf ba ta iso ba. Ba da gangan ta yi ba. A fuskarta na ga da gaske take nema, ni ce kawai ba na cikin mutanen da za ta zata. Shekara hamsin na yi ina wannan aikin, ga shi ya yi kyau, babu inda ya karkace.

Na ce, "Ni ce."

Ta dubi hannuwana. A waje ina jin muryar taubashiyata tana cewa a duba bakin hular, a ga ko akwai ido ɗaya da ya fi wani.

"Ke, Yaya? Da hannunki?"

"Wanda ya gan shi zai ce da ƙafa. Amma da hannu ne."

Ta tashi a hankali, dafe da inda aka yi mata aiki, ta fita. Na ji ta tana ce wa yaran su tashi. Na ji ana kakkaɓewa. Ta dawo da shi ta baza a cinyarta, ta bi layukan da ɗan yatsa tun daga fari da ruwan ɗorawa har zuwa jan.

"Wata nawa kika yi?"

"Daga marka zuwa cirar gyaɗa."

Yatsanta ya tsaya inda ya buɗe kamar bakin ƙwarya. "Nan fa, me ya faru?"

"Rasuwa aka yi a makwabta. Masu gaisuwa suka yi yawa."

Ta fara dariya, tana riƙe ciki tana cewa wayyo ɗinkina, har ta kai gefen mayafin ta goge ido, da kunun da komai. Da ta lafa ta ce, "Da na sani ban bar su sun hau ba."

Na ce, "Ta ina za ki sani?"

Taubashiyata ta koma da la'asar, an wanke sunanta, har da sabon aikin kayan suna biyu. Ta bar mini kwarashi da guntun zare ta ce in gyara inda ya warware, ko da yake a ganinta abin da ya ci gezar taimako ya yi. Na kwana uku a Ruwan Bago. Ban taɓa kwana a gidan ba sai wannan karon.

Rana ta biyu da hantsi, an wanke mayafin ya bushe, ina zaune a ƙofar ɗaki ina kama bakin da ya warware, ita tana riƙe mini dunƙulen zare tana sako shi kaɗan kaɗan. Mutanen gida duk sun tafi gona ɗaukar harawa. Har yanzu Yaya take ce mini, ni ma har yanzu in ta dube ni sai idona ya nemi turmi. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Yaya, wai da safe aka haife ni ko da yamma? Na tambayi Inna kafin ta rasu, ta ce lokacin ba ta nan."

Mace mai jikoki, ba ta san wannan ba, don ni kaɗai na rage da na sani.

Na ce, "Bayan azahar. Ranar Alhamis. A gidanmu, na je goyon ciki. Ruwan shuka ya sauka da safe, maza duk sun fita da sungumi, daga ni sai ungozoma. Ɗakin na yoyo, aka sa ƙwarya a gefen gado."

"Na yi kuka?"

"Ba ki yi da wuri ba, sai da ungozoma ta yayyafa miki ruwa. Gashi ne da ke har goshi." Na ja zare, ta sako. "Da ta fita ɗebo ruwan zafi na ɗauke ki na sa hancina a kanki. Ina jin tafiyarta na ajiye ki na juya wa bango fuska. Ta shigo ta ce kai, wannan yarinya da kunya take."

Zaren ya tsaya a hannunta. Na jira, ba ta sako ba.

Ta ce, "To daga nan sai me?"

Na ajiye kwarashin a cinyata, na gyara zama, na ci gaba daga inda na tsaya.